Jirgin Yola Ba Ya Jiran Mai Salla

Yaran yanzu in za su Abuja, suna kwance bisa gado za su latsa waya su sayi tikiti, su je Katsina su hau jirgi, kafin tuwon rana ya nuna sun sauka. Ni kuwa Labaran, da na shekara talatin da ɗaya ina yi ma shanu allura tsakanin Kankiya da Kusada, sau ɗaya tak na taɓa shiga jirgin sama, shi ma ban kai garin da aka rubuta a tikitina ba. Amma wallahi da za a ce in zaɓi yini ɗaya cikin kwanakina in sake shi, wannan zan ɗauka, da aman da na yi da zagin da na sha duka.

Damina ce, shekarar 1977, lokacin da kuɗin mai ya sa kowane ɗan kwangila ya raina mota. Ina ofishin dabbobi na Kankiya ran Litinin da safe aka kawo mani wayar tangaraho daga Yola. Hamma ne ya bugo, abokin karatuna a makarantar malaman dabbobi, wanda aiki ya kai shi can. Matarshi Hawwa'u ta haihu, jaririn ya tsaya, ita ce jikin ya ƙi. Likita ya ce a kira iyayenta. Ƙarshen takardar ya ce in taho da Baffa, akwai tikiti biyu suna jiranmu a ofishin jirgi na Kano.

Baffan nan shi ne Modibbo, uban Hawwa'u, tsohon Bafulatani da rugarshi ke bayan Bauranya. Na fi shekara ashirin ina duba garkenshi, ni na ma haɗa auren nan. Uwar yarinyar ta daɗe da rasuwa. To abin da wanda ba namu ba zai kasa ganewa shi ne, Hawwa'u ita ce ɗiyarshi ta fari, kuma Modibbo irin mutanen da ne masu riƙe kunyar ɗan fari da haƙori. Bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama inuwa ɗaya da ita ba. In ta shigo ta nan, sai ya tuna yana da abin yi ta can. Ita ma haka.

Na hau babur na same shi yana cire ma wani maraƙi kaska. Na karanta mashi takardar, na fassara, na sake fassarawa. Bai ɗago ba. Da ya gama da maraƙin sai ya tambaye ni ko an yi ruwa Kankiya jiya.

Na ce, "Baba Modibbo, ba zancen ruwa ya kawo ni ba. Yarinyar nan tana kwance, an ce a zo."

Ya goge hannunshi da ciyawa, ya daɗe yana gogewa, abin da babu a hannun ma sai da ya goge. Sannan ya ce, "An ce akwai bijimai masu kyau ƙasar Adamawa. Na daɗe ina son in gani."

Raina ya ɓaci, amma na san harshenshi. Na ce to gobe da asuba a shirya, za mu ganin bijimai.

Zancen mota bai taso ba. Kwana uku ne in hanya na da lafiya, kuma direbobin tasha sun ce ruwa ya cinye wata gada can gaban Gombe, manyan motoci sun yi layi. Saboda haka ran Talata muka tari motar Kano a bakin titin Kankiya, shi da malafarshi da buta da buzu naɗe a hammata, ni da jakata da takalmin sallata. Irin motocin da ne, waɗanda in an isa Bichi direba kan tsaya don kanshi, kowa ya aje hula ko ɗankwali bisa wurin zamanshi ya sauka ya sha fura, a dawo ba wanda ya taɓa ma wani wuri, kuma ba a tashi sai direba ya waiga ya ce, "Kowa ya ga maƙwabcinshi?" Allah ya ji ƙan wannan zamani.

A ofishin jirgi muka sami wani akawu mai tabarau, bayanshi akwai taswirar ƙasa da jajayen layuka. Duk layukan sun taru ne a wuri uku, Kano da Kaduna da Ikko, kamar burtalai sun haɗu a mashaya. Ya ba mu tikitinmu, ya ce jirgin Yola Talata da Asabar yake tashi, kuma sai ya sauka Jos ya zubar da wasu ya kwashi wasu sannan ya ƙarasa.

Na ce, "In mutum ya rasa na yau fa?"

Ya ɗora biro bisa taswirar ya ja ƙasa. "Sai ya bi na Ikko gobe, ya kwana, jibi ya nemi wanda ke bi ta Inugu. In ya dace. In bai dace ba, Asabar."

Modibbo ya matso ya dubi inda biron ya tsaya. Ya ce, "Wannan ba bakin teku ba ne?"

Akawu ya ce shi ne.

"Mai neman gabas, sai ya fara zuwa teku?"

Akawu ya ce haka hanyar take, ba shi ya shata ta ba. Modibbo ya kaɗa kai ya ce ko saniyar da ta ɓata ba ta yin wannan kewaye. Ni dai abu ɗaya na riƙe daga duk bayanin: na yau ne, ko kuma mu je mu iske kabari.

An ce ƙarfe goma, sai ga mu har ɗaya saura muna zaune a ɗakin jira. A nan wani ɗan kasuwar fata da ke kusa da ni ya raɗa mani cewa tikitin da kamfanin ya sayar sun fi kujerun yawa, kullum haka suke yi, kuma ba a rubuta ma kowa lambar kujera. In an buɗe ƙofa, wanda ƙafarshi ta fi sauri shi ke tafiya. Na gaya ma Modibbo. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Malamin shanu, ni da furfurata in yi gudu gaban matan mutane?"

Na ce, "To ka taka yadda kake so, ni zan yi gudun mutum biyu."

Kai, jama'a! Ban san manyan mutane sun iya gudu haka ba. Ana buɗe ƙofar nan, alhazai suka tattare manyan riguna zuwa wuya, masu kwat suka rungume jakunkuna, wata hajiya ta cire takalmi ta riƙe a hannu ta wuce ni kamar ina tsaye. Ni da na saba bin bijimin da ya ga allura, ban yarda an bar ni baya ba. Na haye tsani, na faɗa kujeru biyu na farko da na gani, na kwanta bisa su a gicciye, na ce duk wanda ya taɓa ni zai ga hauka. An zage ni da Hausa, an zage ni da Turanci, an zage ni da wani yaren da har yau ban san nashi ba. Ta taga ina hango Modibbo shi kaɗai tsakiyar fili, yana tahowa a hankali da butarshi. Shi ne na ƙarshe da ya shigo, kuma sai da ya tsaya ya gaida ma'aikaciyar jirgin, ya tambaye ta gajiya da mutanen gida.

Na ba shi wajen taga. Farfela biyu suka fara juyawa, jirgi ya ruga, ƙasa ta sule daga ƙarƙashinmu, furar Bichi ta ce ita ba ta zuwa Yola. Na kifa kaina cikin wata jakar takarda da aka ba ni, ina ta kakari. Shi kuwa tsohon ko gezau. Ya manna goshi da gilashi yana gaya mani sunayen koguna da duwatsu, ga inda suka taɓa ƙetarewa da shanu yana saurayi, ga inda suka yi mashekari shekarar da ciwon bushiya ya ci rabin garken babanshi. Ya ce tafiyar wata guda da rabi ce wannan da muke yi kafin a gama shan shayi.

Da muka sauka Jos an yi wata sanarwa da Turanci. Na ji ta sama-sama, kaina na cikin jaka, idona rufe. Daga baya na san abin da aka ce: masu wucewa Yola kada wanda ya tashi daga kujerarshi. Laifina ne, ba na kowa ba. Ni aka haɗa shi da ni don in zama kunnenshi.

Hayaniya ce ta sa na buɗe ido. Mutanen Jos ne suka shigo da irin gudun da muka yi a Kano. Na waiga wajen taga. Babu Modibbo. Malafarshi ce zaune bisa kujerar, an aje ta daidai tsakiya, yadda ake yi a motar Kankiya. Ashe ya ga rana ta karkata, abin hawa ya tsaya, mutane na sauka, sai ya tsallake ƙafafuna don kada ya tashe ni, ya bi su da butarshi.

Kafin in miƙa hannu, wani ƙato mai kwat ya ɗauke malafar ya cusa ta sama wajen kaya, ya tsallake ni ya zauna, har da gyara wuyan riga.

Na ce, "Malam, da mutum a nan. Ba ka ga hula ba?"

Ya ce da Turanci hula ba ta da tikiti.

Wayyo Allah, ban san ina da sauran ƙarfi ba sai lokacin. Na tashi na zazzage mashi duk Turancin da na koya a makaranta, na ƙara da na Katsinawa wanda ba a koyarwa. Ma'aikaciyar ta zo ta ce an yi sanarwa, wanda ya sauka ya bar kujerarshi ke nan, jirgi ya cika, waɗanda ba su samu ba ma ga su can ana mai da su. Na leƙa ta bisa kafaɗar mai kwat. Can gefen fili, bisa ciyawa, Modibbo ya shimfiɗa buzunshi, ya gama alwala, yana ɗaga hannu zai kabbara. Mutumin nan malami ne, ya fi ni sanin matafiyi na iya haɗa azahar da la'asar. Amma shi a ganinshi an tsaya, ga ƙasa, ga ruwa a buta, ina uzuri?

Kujera ɗaya ta rage mamu, tawa, kuma in na ɗaga daga kanta ita ma ta tafi, don akwai mutum biyu tsaye bakin ƙofa suna raba ido. Ina tsaye rabi zaune rabi, hawaye ya zo mani don takaici. Sai wata dattijuwa da ke ɗaya gefen, 'yar Yola, da jikanta yana barci bisa cinyarta, ta taɓa hannuna.

Ta ce, "Ɗana, tsohon can naka ne?"

Na ce, "Inna, ɗiyarshi ce ke asibiti a Yola, rai a hannun Allah."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ɗauki jaririn ta kwantar bisa kujerata, ta ce, "Je ka. In ga mai ɗaga wannan ya sa shi wajen kaya."

Na fita na tsaya bakin ƙofar jirgi, ƙafa ɗaya ciki, ɗaya bisa tsani, na riƙe ƙarfe da hannu biyu. Masu janye tsani suka ce in shiga ko in sauka. Na ce ba na shiga, ba na sauka. Suka ce za su kira 'yan sanda. Na ce su kira har soja, mai salla dai ba a katse shi, kuma ni ba a ɓamɓare ni. Farfela ɗaya ta fara juyawa, iska na kaɗa rigata. Ina lissafe da shi: ruku'u, sujada, ya miƙe. Allah ya taimake ni kasaru ya yi, raka'a biyu. Ya sallame. Na buɗe baki zan ƙwala mashi kira, sai na ga ya ɗaga tafin hannu.

Ban kira ba. Shekara ashirin ina ganin sallar mutumin nan, addu'arshi ba ta wuce shafa fuska. Ran nan ya daɗe, kuma daga inda nake ina ganin kafaɗunshi na rawa. Ashe wurin da ba kowa ya nema, inda ba wanda ya san shi. Tausayinshi ya kama ni har na manta ana zagina. Matuƙin jirgin da kanshi ya leƙo, wani dogon mutum, ya dube ni, ya dubi inda nake duba, ya dubi agogonshi, ya ɗaga mani yatsu biyu, alamar minti biyu, ya koma ciki.

Da ya shafa, na yi ihu da iya ƙarfina. Ya naɗe buzu, ya ɗauki buta, ya taho da irin tafiyarshi. Da ya iso gindin tsani ya ce, "Lafiya kake kururuwa? Ai na bar malafata."

Na sauko na ba shi hanya. Na san in ya ji kujera ɗaya ce ba zai karɓa ba, sai mu tsaya ka hau, a'a kai ka hau, har jirgi ya tafi. Sai na ce, "Baba, ni nan zan tsaya. Ina da aiki a Vom, nan kusa da Jos, zan karɓo maganin riga-kafi. Hamma na jiranka can. Ga wata inna nan ciki, ta tanadar maka wuri."

Ya tsaya bisa matakala ta biyu ya dube ni. Ya san ƙarya nake yi, na san ya sani. Ya ce, "To. A gaida mutanen Vom." Ya shige, aka ja tsani, aka rufe ƙofa. Sai da jirgin ya zama ɗigo sannan na tuna jakata na ciki.

Kwana biyu na yi kafin in ga Kankiya, a bayan motar dankali. Kwana huɗu bayan nan wata wayar ta zo daga Hamma. Allah ya yi ma Hawwa'u rasuwa ran Juma'a da hantsi.

Bayan sadakar bakwai Hamma ya rako surukinshi gida, da jaririn da wata gwaggo mai renonshi. Na je rugar yin ta'aziyya. Na iske Modibbo zaune gindin bukka, ya rame. Na yi mashi gaisuwa, ya buɗe baki zai amsa, sai iska kawai ke fita. Murya ta dishe ƙurmus. Na ɗauka sanyin jirgi ne. Na matsa na ce, "Baba, ka dai same ta da rai, ka gan ta?"

Ya girgiza kai. Da ƙyar na ji ya ce, "Ban shiga ba."

Astagfirullah, a gidan makoki nake, amma sai da na faɗa. Na ce, "Ba ka shiga ba? Na yi gudu, na yi amai, na sha zagi bisa tsani, na kwana bisa dankali, ka je har ƙofar ɗaki ka ƙi shiga? Wace irin kunya ce wannan, don Allah?" Ya sunkuyar da kai. Na tashi fuu na nufi babur ɗina.

Hamma ya biyo ni. Ya riƙe kan babur ɗin ya ce in saurara.

Ya ce ɗakin mata ne, cike da danginshi, uwarshi na zaune bakin gado. Sun yi sun yi Baffa ya shiga, ya ce a'a. Ita ma da aka ce mata ya iso, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce kada a matsa mashi. Sai Baffa ya zagaya bayan ginin, ya tambayi wace taga ce, ya shimfiɗa buzu ƙarƙashinta, ya ce Hamma ya zo su yi hirar shanu. Mutumin da in yana magana sai ka ce "me ka ce?" sau biyu, ran nan har masu gadi na bakin ƙofa suna jin shi. Ya fara daga karsanar da ya ba ta ranar sunanta, ya bi 'ya'yan karsanar da jikokinta ɗaya bayan ɗaya, wadda ta haifi namiji, wadda kura ta ja, wadda ke harbi in ana tatsa, mai karyayyen ƙahon da ke bin ta har rijiya. Yana nan yana yi har aka kori masu ziyara. Washegari ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya.

Ya ce Hawwa'u ta sa aka jawo gadonta jikin tagar. Ba ta iya cin komai, amma tana saurare. Ran Alhamis ma ta aiko Hamma ya ce ma Baffa ai ya manta da ɗaya, jar nan da aka haifa shekarar fari. Baffa ya ce ma Hamma, da ƙarfi, lallai an yi gaskiya, mai wannan gyara ta san garkenta, ya koma baya ya sa ta a lissafi. Hamma ya ce da ya koma ciki ya iske ta tana dariya cikin mayafi.

Ran Juma'a da hantsi muryar ta fara tafiya, amma yana ta turawa. Ya iso kan 'yar maraƙar da aka haifa farkon damina, ta ƙarshe ke nan. Hamma ya fito daga ɗakin ya zagayo ya tsaya gabanshi. Baffa ya dube shi, ya gane. Bai tsaya ba. Ya juya fuska wajen tagar ya ƙarasa bayanin maraƙar har ƙarshe, launinta, da farin da ke goshinta, da yadda ta fara cin ciyawa. Sannan ya yi salati.

Na daɗe riƙe da babur ɗin ban tada shi ba. Daga baya na jingine shi jikin bishiyar dargaza, na koma gindin bukkar na zauna kusa da tsohon, na nemi gafararshi. Ya miƙo mani ƙwaryar nono, ya yi mani alama da hannu in sha.